Kullum a gajiye nake, dare kuma sai saƙe-saƙe: daga ina zan fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekaruna sun haura 30, ina aiki kuma ina da yara. Ba zan ce ba ni da lafiya ba, amma ba na jin daɗin kaina. Da safe nakan tashi a gajiye kamar ban kwanta ba. Abu kaɗan sai in hasala in yi wa yara tsawa, daga baya in zauna ina jin haushin kaina. Da dare in na kwanta sai saƙe-saƙe su taso, in ɗauki waya don in kore su, kafin in ankara dare ya raba. Ƙawayena ma na rage kiransu. Kullum cewa nake in hankalina ya ɗan kwanta zan fara motsa jiki, in gyara barcina, amma har yau ranar ba ta zo ba. Daga ina zan fara? Ko dai ciwon ƙwaƙwalwa ne ya kama ni?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da fama. Abin da kika zayyana ba baƙo ba ne a wurinmu. Na sha jin irinsa daga bakin mata da maza waɗanda kowa ke ganin lafiyarsu ƙalau, suna zuwa aiki, suna gaisawa da fara'a, alhali da ƙyar suke jan jiki. Zan zo kan maganar ko ciwo ne, amma bari in fara da abin da ya fi tsaya mini a saƙonki, wato inda kika ce "in hankalina ya ɗan kwanta zan fara". A nan ƙullin yake.

Yawancinmu mun ɗauka sai mutum ya ji karsashi sannan zai tashi ya yi abu. Ga wanda zuciyarsa ke wasai, haka ne. Ga wanda ƙunci ya fara dannewa kuwa, juyawa al'amarin yake yi: sai ya yi abin tukuna, karsashin ya biyo baya a hankali. Kin gaji, sai kika fasa kiran ƙawarki. Fasawar ta ba ki sauƙi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ta hana ki hirar da za ta sa ki dariya. Washegari zuciya ta ƙara nauyi, sai ki fasa wani abin kuma. Da haka ranakunki ke komawa babu komai a cikinsu sai wajibai, kuma duk wanda yake rayuwa a kan wajibi zalla dole jikinsa ya yi sanyi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Lewinsohn, ya yi bayanin wannan tun a shekarun 1970, kuma a kan irin bayaninsa aka gina wata hanyar magani da ba ta buƙatar ƙwaya: a zauna da mutum a tsara ƙananan ayyuka masu ma'ana a gare shi, a sa musu rana da lokaci, ya yi su ko ransa na so ko ba ya so. A 2016 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa wani gwaji da aka yi a Ingila a kan mutum 440 masu ciwon damuwa, aka ga bayan shekara guda wannan hanya mai sauƙi ta yi aiki daidai da sananniyar hanyar nan ta zama da ƙwararre ana warware gurɓataccen tunani ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ki daina jiran ranar. Ayyukan da kike ɗagawa su ne za su kawo ta.

Da za ki bar ni in zaɓar miki abu ɗaya tak da za ki fara da shi, lokacin tashinki daga barci zan zaɓa. Mutane kan yi mamaki, don suna zaton zan ce lokacin kwanciya. Barci ba ya zuwa da umarni, kuma gwargwadon yadda kika matsa masa gwargwadon yadda zai guje miki. Tashi kuwa a hannunki yake. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da ke riƙe da agogon jiki, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. In kina tashi lokaci ɗaya, har ranar hutu, kika fita ko kika tsaya inda hasken safiya zai same ki na 'yan mintuna, jiki zai gane yaushe rana ta fara, daga nan ya san yaushe zai saki sinadarin melatonin mai shirya shi don barci. Akwai kuma wani sinadarin, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da kika farka. Yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi da dare. Dogon barcin rana yana rage shi, shi ya sa in za ki rintsa da rana kar ya wuce minti 30, kar kuma ya kai yamma. Kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari toshe aikin adenosin yake yi, kuma bayan kusan awa 5 da sha, rabinsa na nan a cikin jini. Wanda kika sha da yamma yana tare da ke a kan gado. Babban mutum na buƙatar barcin aƙalla awa 7, sai ki ƙirga baya daga lokacin tashinki ki ga inda kwanciya ta faɗa.

Sai maganar waya. Haskenta na da nasa laifin, amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cikinta, domin an gina shafukan ne yadda ba su da ƙarshe, kowane bidiyo na miƙa ki ga na gaba. Ƙwaƙwalwa kuma tana koyon alaƙa da sauri: in kullum a kan gado kike kallo da karatu da tunani, za ta ɗauki gado a matsayin wurin farkawa. Ki sa wayar caji inda sai kin tashi tsaye za ki kai gare ta. In kika kwanta barci ya ƙi zuwa har kamar minti 20, kar ki yi ta juyi kina duba agogo. Tashi ki koma wani wurin, ki rage fitila, ki yi wani abu marar ɗaukar hankali, sai kin ji ido ya yi nauyi ki dawo. Daren farko da na biyu za su yi wuya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko da kin yi barci kaɗan, ki tashi a kan lokacinki.

Su kuwa saƙe-saƙen nan, dalilin da ya sa suke zaɓar dare shi ne da rana ba ki ba su wuri ba. To ki ba su. Ki ware minti 15 da yamma, nesa da lokacin kwanciya, ki zauna da takarda da biro. Ki ja layi a tsakiya. A hagu ki rubuta abin da ke cin ranki, a dama ki rubuta mataki ɗaya da za ki iya ɗauka. Misali a hagu: "rahoton ofis da ban gama ba". A dama: "gobe da na isa zan rubuta shafin farko kafin in buɗe saƙonni". A hagu kuma: "maganar da aka yaɓa mini bara". Za ki ga ɓangaren dama ya zauna fayau, babu abin rubutawa, kuma wannan kansa amsa ce: tunanin da ba ya kaiwa ga mataki zagaye kawai yake yi. In ɗayansu ya leƙo da tsakar dare, ki ce masa an riga an rubuta shi, sai gobe da yamma. Da fari zai dawo sau goma. Ki maimaita masa sau goma.

Motsa jiki ba sai na tsawaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Kar wannan adadin ya tsorata ki. Fara da minti 10, kuma in kika yi shi da safe a waje kin haɗa shi da hasken da na ambata.

Tsawar da kike yi wa yara na san ita ta fi yi miki ciwo, don haka bari in tsaya a kanta. Fushi ba ya faɗowa daga sama, jiki na ba da labarinsa kafin baki ya buɗe. Ɗauki misali kin dawo a gajiye, ƙaramar ta kifar da kofin ruwa a kan takardunki. A daƙiƙun farko za ki ji muƙamuƙi ya ɗaure, kafaɗu sun ɗaga, zafi ya taso daga ƙirji. Wannan ɗan tsakanin shi ne naki. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, sau uku ko huɗu. Sirrin na cikin tsawaita fitar da numfashi, domin a lokacin ne jijiyar da ke sassauta bugun zuciya ta fi aiki. In ya ƙi, fita daga ɗakin na minti biyu. In kuma tsawar ta riga ta fita, koma wurin yarinyar bayan kin huce, ki durƙusa daidai tsawonta ki ce, "Ɗazu na ɗaga miki murya, ban kyauta ba. Zo mu goge ruwan tare." Wannan ba ya zubar da girman uwa, kuma yaro na koyon yadda ake gyara ɓaraka daga ganin an yi masa. Zaman jin haushin kai da kike yi daga baya ba ya amfanar ke ko su. Ki tambayi kanki me za ki ce wa ƙanwarki da ita ce ta kawo miki wannan ƙarar, sai ki faɗa wa kanki shi. Ki kuma duba ko kayan da kike ɗauke da su sun fi ƙarfin mutum ɗaya. In haka ne ki nemi taimako da sunan aikin, ki ce wane ya ɗauki abu kaza ranar kaza, domin "na gaji" kaɗai mutane kan ji su ce sannu su wuce.

Ƙawayenki kuma ki dawo da su. Akwai wani bincike na Jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, ana bin rayuwar mutane daga ƙuruciya har tsufa, kuma babban abin da ya yi ta fitowa shi ne kyakkyawar dangantaka da mutane na cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar hankali. Zaɓi mutum ɗaya da ba kya buƙatar yi mata ado da magana, ki sa rana a mako ki kira ta da murya. Tura hoto a WhatsApp ba ya maye gurbin jin an ce miki "ya kike, tsakani da Allah?"

Kar ki ɗebi duk waɗannan a rana ɗaya. Biyu sun isa: lokacin tashi da ɗaya daga cikin sauran. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna a jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa ginin ba. In kin fasa yau, gobe ki ci gaba daga inda kika tsaya.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe. Ta saƙo ba zan iya yanke miki hukunci ba, amma ga ma'aunin da muke amfani da shi. In ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin abubuwan da kike so a da ya zauna kusan duk yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, ga canjin ci ko na barci, ga kasa tattara hankali, ga jin ba ki da amfani, to ya kamata likita ya gan ki, domin yana iya zama ciwon damuwa. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin hali ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 na fama da shi, kuma yana jin magani. Ko alamun ba su kai haka ba, gajiyar da ta daɗe ta cancanci gwajin jini, don ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar tairod, wato halittar nan da ke gaban wuya, duk suna zuwa da kasala da canjin hali. In kin haihu cikin shekarar nan ki faɗa wa likitan. Ina roƙon ki kar ki sayi ƙwayar barci da kanki, da yawansu jiki na sabawa da su har a kasa bari. In an rubuta miki maganin damuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai da sanin wanda ya rubuta.

In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwar miki, ko jin gara ma ba kya raye, wannan ba ya jiran mako biyu. Ki faɗa wa wani na kusa da kika amince da shi, ku je asibiti a ranar.

Kafin ki ga likita, ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abu uku kullum: lokacin da kika kwanta da wanda kika tashi, abu ɗaya da kika yi don kanki, da makin da za ki ba zuciyarki daga 1 zuwa 10. Ki tafi masa da littafin, zai fi gane halin da kike ciki fiye da abin da za ki iya tunawa a zama ɗaya. Allah ya ba ki lafiya.