Ɗakin haya a tsohon gidan limamin coci, ga amsarka

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka samu admishan ɗin karatun zanen gine-gine a Brighton ta ƙasar Ingila, kuma ka ga tallan ɗaki a wani tsohon gidan limamin coci an rubuta Grade II listed, kana tambaya ko hakan na nufin gidan manya ne. To ba haka ba ne, ma'anarsa gwamnati ta sa gidan a rajistar gine-ginen tarihi, matakan uku ne, akwai na ɗaya, na biyu mai tauraro, sai na biyu zalla, wato Grade II ɗin da ka gani, wanda mafi yawansu nan suke. Da zarar gida ya shiga rajistar nan ko mai shi bai isa ya canza taga ko ya fasa bango ba sai ƙaramar hukumar yankin ta ba shi izini a rubuce, in ya yi gaban kansa laifi ne har kotu.

Ni na zauna a irinsa shekarata ta farko, wallahi na ji jiki. Tagogin katako ne masu gilashi falle ɗaya, iska na shigowa ta gefe har labule na motsi, na yi ta yi wa mai gidan magana yana ce min hannunsa a ɗaure yake, ƙarshe tawul na riƙa cusawa ina kwana da safa biyu, kuɗin hita kuma kar ka tambaya. Saboda haka kafin ka biya ko sisi tambaye su ko kuɗin wuta da gas na cikin hayar.

Amma tunda gini za ka karanta, in ka iso ka daure ka je ƙauyen Alfriston, ba nisa daga Brighton. Akwai gidan limami a gefen cocin St Andrew, ya kai shekara 600, shi ne gini na farko da National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, ta fara saya a 1896, fam 10 kacal, lokacin ya kusa rushewa. Ranar da na je dariya ta kama ni, jinka ce fa a kansa! Ginshiƙan itacen oak ne, tsakaninsu saƙar ƙirare aka yaɓe, zauren tsakiya a buɗe har sama babu silin don a da a tsakiyar ɗakin ake hura wuta hayaƙi ya tashi sama. Ƙasan kuwa daɓe ne, farar ƙasar alli aka daddaɓe da madara mai tsami, nan take na tuna daɓen ɗakin kakarmu da ake yayyafa wa makuba, na durƙusa na shafa har wata tsohuwa mai gadin wurin tana kallona. A jikin wani ginshiƙi akwai ganyen oak da aka sassaƙa, ana cewa wai daga nan ƙungiyar ta samo tambarinta. Shi wannan yana mataki na biyu mai tauraro ne.

Mu a gida mai jinka ake wa kallon talaka, nan kuwa sai mai hali ke iya riƙe ta, masu yin aikin 'yan kaɗan ne kuma inshorar gobara tsada. Ɗakin dai in ka ga hayar da sauƙi ka kama na wata shida ka gani, amma ka taho da bargo mai kauri. Ka gaida su Hajiya.