Tambayi lokotoro: yaro mai galhanga da wasan waje

Salamu alaikum lokotoro. Ɗana shekararshi 7, an ce mani galhanga gare shi. Na ga bidiyo cikin wayar ƙanena, Turawa na kai irin yaran nan teku suna hawan igiyar ruwa bisa allo, wasu kuma suna sulu bisa ƙanƙara. Wai magani ne? (Wata uwa daga unguwar Zariya, Maradi)

Wa alaikumus salam Hajiya. Ba magani ba ne, kuma kar wani ya ci kuɗinki da sunan zai cire mishi ita, galhanga wato otizim yanayin ƙwaƙwalwa ne da ake tasowa da shi, a 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Amma abin da kika gani ba ƙarya ba ne. A Kalifoniya ta Amurka akwai ƙungiyar Surfers Healing da Israel Paskowitz da matarshi suka kafa a 1996, bayan sun lura ɗansu mai otizim na natsuwa in ya shiga teku. Akwai ma gwanin hawan igiyar ruwan, Clay Marzo ɗan Hawai, shi kanshi yana da ita.

Dalilin yana cikin jiki. Cikin kunne akwai sashen da ke ji in mutum ya karkata ko ya juya, tsoka da gaɓoɓi kuma suna gaya wa ƙwaƙwalwa inda hannu da ƙafa suke. Yara da yawa masu galhanga saƙon nan na zo masu ko da yawa ko kaɗan, shi ya sa za ki ga yana ta juyi ko tsalle ko kaɗa jiki ba gajiya. To ruwa na danna jiki ta ko'ina daidai wa daida, rigar robar da suke sawa ta matse su, igiyar na lilo da su, ƙararta kuma iri ɗaya ce ba ta zuwa a bazata. Wasan ƙanƙara ma haka, gudu da iska da takalmi mai kama ƙafa. Sai dai wani yaron gishirin ruwan ko yashi a jiki ko ƙyallin ƙanƙara a ido ya ishe shi ya birkice, ba duka suke so ba. Mu nan ba teku, amma akwai lilo a reshen bedi, keke, hawan jaki ko doki ana riƙe da shi, birgima cikin yashi da sassafe. Ki duba wane ne jikinshi ke nema ki fara da minti kaɗan.

Lokotoro na kai yarona filin kokowa don ya saba da mutane, ana fara kiɗa ya toshe kunne ya faɗi yana ihu, har wasu na cewa iskoki ne. Mi zan yi? (Wani uba daga Tibiri)

Malam niyyarka mai kyau ce, wurin ne ya fi ƙarfinshi. Ganga, lasifika, ihun jama'a, ƙura, zafin rana, ga mutane na gugarshi ta ko'ina. Ni da kai ƙwaƙwalwarmu na tace ƙara ta bar wadda muke so, shi kuwa duka ke shiga lokaci guda kamar an kunna rediyo goma cikin ɗaki ɗaya. Ba iskoki ba ne, ba taurin kai ba ne, tun 2013 ma littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya sa wannan cikin alamun otizim. Don Allah kar a doke shi, kar a tilasta shi wai har ya saba, wallahi abin na mani ciwo in na ga an yi haka. In ya sake faruwa ka fitar da shi wuri mai shiru, ka rage magana. In yana son kokowar ku yi ta gida bisa yashi kai da shi, da yawansu suna jin daɗin riƙo mai ƙarfi fiye da shafa a hankali.

Ɗiyata ba ta magana sosai amma in ta ga ruwa sai ta nufe shi, ga damina ta zo gulbi ya kawo. In bar ta? (Daga Madarunfa)

Baiwar Allah, wannan ita ce tambayar da ta fi tada mani hankali. Nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu galhanga, don sukan sulale daga gida ba wanda ya sani su nufi ruwa, kuma ba lalle su amsa ba in ana kiransu. Kar ta je gulbi ko tabki ita kaɗai ko da yara 'yan'uwanta, sai da babba wanda hannunshi ke kai mata. A rufe rijiya da randa da tanki, a sa sakata sama inda ba ta kai, a gaya wa maƙwabta. Ruwan tabki kuma akwai tsargiya, in kin ga jini a fitsarinta ku tafi asibiti. In tana farfaɗiya, wadda takan haɗu da galhanga, ki fara magana da likitanta kafin kowane wanka mai zurfi. Babban baho a tsakar gida kina zaune kusa zai ba ta abin da take nema.

Yarona na gudu ba takalmi cikin rana tsaka bai nuna zafi. Lafiya? (Ba suna)

Rashin kuka bai hana ƙuna ba, ƙanena. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi na wuce digiri 40. Ka riƙa duba tafin ƙafarshi kowane dare saboda ƙaya da kwalba, ka ba shi ruwa ko bai nema ba, wasan kuma a mai da shi safe ko bayan la'asar.