Amsa kan layin CAN na robo ɗinku

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce robo na tafiya lafiya lau, da ya yi karo ko ya juya da ƙarfi sai moter biyu na baya su ɗauke, kana tambaya ko kod ne. Ba kod ba ne, bar kwamfuta ta huta. Ciwon da ke zuwa da girgiza, a waya yake, wato layin CAN, wayoyi biyun da katunan robo ke magana da juna ta cikinsu.

Cire batir tukuna. Ɗauko multimetir ka sa shi kan om, ka taɓa CAN-H da CAN-L, rawaya da koriya kenan. 60 ya kamata ka gani, don rezistans biyu ne na 120, ɗaya a kowane bakin layi. In ka ga 120, ɗaya babu, ko waya ta katse a tsakani. In ka ga 40, uku ke ciki. Wanga kuwa shi ke ba ni haushi wallahi. Ƴan katunan MCP2515 ɗin nan, masu haɗa na'ura da layin CAN, kowane da 120 nashi da ɗan jampa mai kunna shi, sai yara su bar su duka a rufe, kati huɗu, ka ga 30 kenan, sannan a ce kaya ba su da kyau. Biyu kawai, na farko da na ƙarshe!  

Bar multimetir a maƙale, ka bi konekta ɗaya-ɗaya kana kaɗawa da yatsa. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne. Kuma tunda biyun baya tare suke ɗaukewa, fara da wayar da ke shiga na farkonsu, layin ai sarƙa ne. Ƴan filogin Dupont, ƙananan nan na cusawa, ba su riƙo, ga ƙurar hunturun Yamai tana shiga ciki. Yanke su, ka yi sudur, ka sa robar da ke matsewa da zafi. Murɗe rawaya da koriya tare, ka raba su da manyan wayoyin moter. Kar ka yi musu reshe kamar tauraro, in dole ne kar reshen ya wuce santimita 30 in saurin layin 1 Mbit ne a daƙiƙa.

A'a tsaya, na ce cire batir, amma bayan nan maida shi. Layi na zaune shiru, kowace waya wajen bolt 2.5 za ta ba ka in ka auna ta da masa, wato negatif na batir. Ka kuma auna batir ɗin lokacin da moter ke ja, in bolt 12 ɗin na faɗuwa sosai, katunan ne ke mutuwa suna tashi. Aiko min lambar om ɗin da ka gani.