Wai ƙwayar bairos ma gurɓata muhalli ce a doka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Barista. Yayana na da ɗan gidan abinci a Amurka, da korona ta zo a 2020 aka rufe masu wata da watanni, ya nemi diyya wajen inshora suka ce wai ba sa biyan asarar da gurɓatawa ta jawo. Ni dai a sanina gurɓatawa hayaƙi ne ko dagwalon masana'anta, to yaushe ciwo ya zama hayaƙi? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam malam. Gaskiya tambayar nan su kansu alƙalan Amurka ta raba masu kai, don babu ma'ana guda da ta hau kowace doka, kowace takarda da irin fassararta.

Dokarsu ta tsaftar ruwa ta 1972 ta lissafa najasa da abubuwa masu nasaba da halitta cikin masu gurɓata ruwa, ka ga a nan ƙwayar cuta ta samu ƙofar shiga. Amma takardar inshora wata duniya ce daban. Kalaman da aka saba sawa wajen fassara gurɓatawar da ba a biya su ne duk wani abu daskararre, ko ruwa, ko iskar gas, ko zafi da ke cutarwa ko ɓata wuri, sai a jero hayaƙi, tururi, kunkunniya, asid, sinadarai da shara. Ba a ambaci bairos ba, to nan lauyoyi ke cin abinci, na kamfani ya ce ai ita ma ɓata wuri take, na mai shago ya ce duba jerin mana, duk kayan masana'anta ne.

A Fulorida a 2009 wata kotun tarayya ta ce bairos ɗin da wani ya kwasa a wurin ninƙaya gurɓatawa ce, kamfanin inshora ya tsira. A Arizona kuwa tun 2000 kotu ta ce bakteriya a ruwan sha ba ta cikin wannan ma'ana, kuma a 2020 wani otel a jihar, mai inshorar gurɓata muhalli, ya ce korona ma gurɓatawa ce a biya shi, alƙali ya ce a'a. Ka ga kalma ɗaya, kowa na janta inda aljihunsa yake.

Ni a ganina mai shago ya fi hujja, domin bayan cutar numfashi ta SARS masu tsara takardun inshora sun fito da sharaɗi na musamman a 2006 mai cire bairos da bakteriya daga abin da ake biya, in da tsohon sharaɗin gurɓatawa ya isa me ya kawo sabo?

Sai dai kar in sa maka rai da yawa, yawancin ƙararrakin korona ba a nan suka faɗi ba, kotuna cewa suka yi ginin bai lalace a zahiri ba, teburi da tukwane na nan lafiya lau. Yayanka ya ɗauko takardar ya nemi kalmar bairos a ciki, ya kai wa lauya a jihar da yake, ya fara tambayar ko wa'adin shigar da ƙara bai wuce ba.