Ga mai tambaya kan tseren kwalekwale mai nisa a kogin Isa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce abokan aikinka na Yamai sun gayyace ka tseren kwalekwale na yini guda a kogin Isa, wato kogin Neja, kana kuma son sanin ko wanda ya tashi a Damagaram, garin da ba shi da kogi, zai iya kai labari idan yana da ƙarfin jiki. Ni ma ɗan Birnin Damagaram ne, ban taɓa riƙe filafili ba sai da aiki ya kai ni Gaya ta Nijar, a bakin kogin, inda na zauna shekaru cikin Sarkawa har suka yarda na shiga jirginsu ranar tsere.

Zai yiwu, amma ƙarfin da kake taƙama da shi ba shi ne zai kai ka ba. Kafin komai, ka iya iyo? Wankan da muka yi a tafki da damina muna yara ba iyo ba ne, domin ruwan tafki a kwance yake, na kogi kuwa tafiya yake yi, yana jan ƙafar mutum ta ƙasa alhali samansa lumui. Idan ba ka iya ba, ka koya tukuna, kuma ko ka iya kada ka shiga ba rigar kariya, ko da za a yi maka dariyar baƙo.

Tserena na farko da ƙarfi na shige shi, kuma ƙarfin ne ya kunyata ni. Na riƙa tuƙi da damatsa kamar mai sassabe, muka wuce jirage da hantsi ina jin daɗi, amma kafin azahar kafaɗuna sun mutu, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, sai dattijon da ke zaune a baya ya ƙarasa da mu shi kaɗai, bai ce mini uffan ba. Daga baya ya nuna mini cewa daga ƙugu da gadon baya ake tuƙi, ƙafa tana tokare da katako, hannu kuwa riƙo ne kawai aikinsa. Ya kuma hana ni jan filafili har ya wuce ƙuguna, domin daga nan ruwa kake ɗagawa, jirgi ba ya ƙara gaba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daidaita bugu da abokin tuƙi: mutum biyu masu matsakaicin ƙarfi da filafilansu ke shiga ruwa lokaci guda sun fi ƙarfafa biyu da kowa ke yin nasa. Saboda haka ka nemi wanda za ku yi tseren tare tun yanzu, ka bar masa baya idan ɗan kogi ne, tunda na baya ne ke juya jirgi.

Sai karatun ruwa, wanda a ganina shi ne rabin tseren. A kwanar kogi, ruwa ya fi zurfi da gudu ta gefen waje, ta ciki kuwa yashi ne ke taruwa, kuma jirgi yana nauyi a ruwa marar zurfi ko da bai taɓa ƙasa ba. Na sha ganin baƙo ya yanke kwana don rage hanya, ya kafe a kan yashi, waɗanda suka zagaya su wuce shi. In za a hau ruwa ne, sai a bi ta bakin gaɓa inda jansa ya yi sauƙi. Ka kuma tambayi watan da za a yi tseren, domin a Yamai kogin yana cika sau biyu a shekara: jan ruwan damina wajen Agusta da Satumba, sannan ruwan da ke gangarowa daga Gini, wanda ke kai ƙololuwa wajen Janairu. A Mayu da Yuni kuwa duwatsu da tsibiran yashi ne ke fitowa. Idan lokacin hunturu ne, iskar da muka sani da ƙura a nan tana bugun jirgi ta gefe, kuma takan ƙaru in rana ta ɗaga, don haka a ci nisa da sassafe.

Maganar dorina ba tatsuniya ba ce, musamman daga Bubon zuwa Ayoru, garuruwan bakin kogi da ke sama da Yamai. Masunta sun san inda take kwana, idan suka ce a kauce, a kauce da nisa, balle mai ɗa.

A manyan tseren duniya ma juriya ce ke kai mutum, ba ƙarfi kaɗai ba. Tseren Dusi na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1951, kusan kilomita 120 ne cikin kwana uku, har da ɗaukar jirgi a kafaɗa a wasu wurare, na kogin Yukon a Kanada kuwa kilomita 715 ne, ana tuƙi dare da rana. Ba wanda ke gama irin wannan da zafin farawa.

Ka sha ruwa kafin ƙishi ya zo, daga jarkarka ba daga kogi ba, ka riƙe dabino da fura mai ruwa-ruwa, kilishinmu kuwa ka bar shi sai an sauka, domin ƙishi yake jawowa. Ka sa malafa da riga mai dogon hannu, tunda rana tana dukan mutum daga sama, ta kuma dawo daga fuskar ruwa. Jirgin katako ba ya rasa yoyo, sai a ajiye ƙwarya ta kwasar ruwa kusa da ƙafa.

Idan kana nan gida kafin ka koma Yamai, ka je tafkin Gidimuni ka roƙi masunta su ɗauke ka, ko don ka saba da zama cikin jirgi ba tare da ka karkata shi ba, hannunka kuma ya fara yin kanta. Sauran sai a kogin kansa, kuma ina ganin wata uku kana fita sau uku a mako shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda ƙanena ya yi kafin ya ba da sunansa.