Amsoshin tambayoyinku: tsohuwar bindigar gado da masu walda

Wani bawan Allah daga Ningi ya rubuto cewa mahaifinsu ya rasu ya bar bindigar farauta mai baki ɗaya, Baikal 'yar Rasha, ƙotarta ta tsage ga tsatsa, wai ya gyara ko ya sayar?

Allah ya jiƙan Baba. Amma kafin maganar gyara, ina lasisin? Lasisi da sunan mamacin yake, ba a gadonsa kamar gona ko saniya, sai ka fara zuwa wurin 'yan sanda tukuna. Dokar makamai ta 1959 har yau tana aiki, kuma ta ce ko gyaran ma sai mai izini, sayarwa a ɓoye kuwa kai da mai sayen duk kun shiga uku. In takarda ta daidaita to ƙota ba abin damuwa bace, itace ne, madaci busasshe yana yi. Tsatsar waje kuma man keken ɗinki da tsumma sun isa, don Allah banda manja da man gyaɗa, danƙo suke yi su tara ƙura.

Na biyu daga Kontagora, wai allurar da ke bugun harsashi ce ta karye, mai waldan unguwarsu ya ce zai fere masa wata da ƙusa a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

To nan fa zan daɗe. Malam, ƙusa ƙarfe ne mai laushi, don katako aka yi ta. In ta lanƙwashe ta maƙale a waje, kana rufe bindiga sai ta tashi da kanta ba ka taɓa kunama ba, kuma wa ke gabanka a lokacin? Ɗanka ko abokin farautarka. Ni abin da ke ban haushi, mutum zai kashe kuɗi ya canza waya duk shekara amma abin da zai kara a kumatunsa ya harba shi ne yake neman na araha. Su kuma 'yan kasuwa sun gano mu, sifirin na jabu a zuba a leda a ce maka ɗan waje ne, harbi kaɗan ya saki. Mafi muni masu liƙe bututun da ya tsage da walda, ko su sa bututun famfo gaba ɗaya, wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, waje ya yi kyau an shafa baƙin fenti, ranar da zai fashe kuma daidai inda hannunka na hagu yake riƙe zai fashe. Duk wanda ya zauna da maharba ya san mai yatsa uku. In gyaran na mai izini ya fi ƙarfin aljihunka ka ajiye ta, gada ba ta ƙarewa a daji.

Wani kuma wai yana so ya rage tsawon bakin ta shiga cikin riga. A'a. Kada ka sake turo min irin wannan.

Sai wata baiwar Allah daga Gaya, hankalinta a tashe, ɗanta ya ɗauko mai baki biyu ta kakansa 'yar Ingila, bututun da zane kamar igiyar ruwa, wai zai harba da Sallah.

Hajiya kin yi daidai da kika tsorata. Wannan zanen alama ce ta ƙarfen da aka murɗa aka haɗa, na zamanin baƙin albarushi, harsashin yanzu ya fi ƙarfinsa. Ga shi da yawan tsofaffin na Ingila gidan harsashinsu milimita 65 ne, na kasuwa yanzu galibi 70, zai shiga lafiya lau ya rufe alhali ya fi ƙarfin gidan, shi ya sa ake ruɗuwa. Ki karɓe ta yau, in ba ya jin maganarki ki kira kawunsa.