Ruwan kwamin ninƙayarmu ya koma kore: maganar wa zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kwamin ninƙaya a gidanmu a Abuja, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi. Tun da damina ta kankama ruwan ya koma kore shar. Yaron da ke kula da shi ya ce a ƙaro ƙwayoyin kulorin, alhali ɗan kwandon da ke yawo a kan ruwan bai taɓa rabuwa da su ba. Mai shago ya ce maganin gansakuka zan saya. Ɗana kuma ya nuna mini bidiyo a YouTube, wai bekin soda ake zubawa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A cikin su ukun nan, wa ya ɗebi ruwan ya auna kafin ya buɗe baki? In babu, to duk canke suke yi miki. Mai shago ba lallai macuci ba ne, amma abin da ke kan kantarsa shi zai fara zuwa masa a rai, tamkar mai kemis da ke haɗa wa mutum magani bai ko taɓa goshinsa ba.

Kafin ki sake kashe ko sisi, sayi kayan gwaji naki na kanki. Irin na ɗigawa ya fi na tsinken takarda gaskiya, musamman wanda ruwansa ke komawa ruwan hoda, wato DPD. Mai komawa rawaya ba ya bambanta kulorin mai aiki da wanda ya riga ya gaji. Abin da ake nema: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin mai aiki tsakanin 1 da 3 a ma'aunin ppm (miligiram a kowace lita ta ruwa), sai kuma na ukun da yawancin masu kula da kwami ba sa aunawa, wato sinadarin da ke kare kulorin daga rana, wanda ake rubutawa CYA. Shi ana son sa tsakanin 30 da 50.

A kan wannan na ukun nake zargin matsalarki take. Ƙwayoyin nan farare da ake sawa a kwando, irin trichlor, kowace ɗaya tana ɗauke da CYA. Kulorin ɗin yana ƙonewa ya tafi, shi kuwa CYA ba ya bin tururi, zama yake yi yana taruwa wata bayan wata. Kaɗan ɗinsa alheri ne, don in babu shi ranar ƙasar nan za ta cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i. In ya doshi 100 kuwa, sai ya riƙe kulorin ɗin ya rage masa kaifi, gansakuka ta samu sarari. Kin ga shawarar yaron da ke kula da kwamin za ta iya ƙara dagula lamarin ke nan, ba da mugun nufi ba, haka ya ga ana yi.

In gwaji ya nuna CYA ya yi yawa, maganinsa a rage ruwan a ƙara sabo. Amma kada a kwashe shi ƙarƙaf da damina, don ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana iya tunkuɗo kwamin ya tsaga shi. Daga nan a gyara pH, a zuba garin kulorin irin calcium hypochlorite da yamma bayan rana ta faɗi, a goge bango da buroshi, a bar injin tace ruwan yana aiki, a riƙa aunawa ana ƙarawa har ruwan ya washe. Lissafin ba wuya: 8 sau 4 sau 1.5 ya ba da lita 48,000. Ɗaga kulorin da ppm ɗaya a ruwa mai yawan nan yana cin kusan giram 75 na garin da ƙarfinsa kashi 65 ne cikin ɗari. Duk wanda ya ce miki "a zuba gwangwani biyu" bai tambayi girman kwamin ba, ki yi masa godiya kawai.

Bekin soda ba ya kashe gansakuka, wani ma'auni ne daban yake ɗagawa. Maganin gansakuka kuma ya fi amfani wajen rigakafi. Bidiyoyin Amurka ba duka ne shirme ba, sai dai da galan ɗinsu suke lissafi, wanda lita 3.8 ne, kuma kayan da ke hannunsu ba lallai ƙarfinsu ɗaya da namu ba. In kina son madogara, fara da rubutun jikin robar maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundi kan wuraren ninƙaya a 2006, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ma tana da bayani a sauƙaƙe, kuma ba su da abin sayarwa.

Abu ɗaya da ba a jiran gwaji a kansa: kada a haɗa ƙwayar trichlor da garin kulorin a bokiti ɗaya, suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Asid ɗin da ake rage pH da shi da kulorin kuma, in suka haɗu, hayaƙi mai guba suke bayarwa. A ajiye kowanne daban, nesa da yara da ɗakin janareta.

Tambaya: Malam, na cika kwamina da ruwan burtsatse a Kano, tas da shi. Ana zuba kulorin sai ya koma kalar shayi. An ce jabun kulorin aka sayar mini. In mayar?

Amsa: Alhaji, dakata da rigima da mai shago tukuna. Ruwan burtsatse sau da yawa yana ɗauke da narkakken ƙarfe da ido ba ya gani, kulorin na taɓa shi sai ya zama tsatsa. Gwada da kanka: bokiti ɗaya na ruwan burtsatsen, ɗaya na ruwan leda, ka sa ɗan kulorin a kowanne. In na burtsatsen kaɗai ya sauya, kulorinka lafiya lau yake. A bar injin ya yi ta tacewa, a riƙa wanke yashin matatar, abin da ya kwanta a ƙasa a zuƙe shi a zubar waje. Akwai maganin da ke riƙe ƙarfe a cikin ruwa, amma riƙewa yake yi, ba cirewa ba, don haka sai an riƙa sabunta shi.

Tambaya: Idanun yarana suna ja bayan wanka, ga warin kulorin. In rage ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, sau da yawa ma ƙari ake buƙata. Warin nan da jan idon daga kulorin da ya gauraya da gumi da fitsari suke fitowa. Auna pH da kulorin, ka sa yaran su watsa ruwa su kuma zaga banɗaki kafin su shiga. Wanda ke gudawa kada ya shiga sam, don ƙwayar cutar Cryptosporidium tana kwanaki a raye cikin ruwa mai kulorin. Ka kuma bincika ko injin yana samun kamar awa 8 a rana. In wutar unguwarku ba ta kaiwa, kuɗin da za ka kashe a magunguna gara ka sa shi a man janareta ko sola.